Me ya sa direbana ke faɗuwa bayan terabayit 8? Amsa kan taswirar bit mai girma a kanel ɗin Linux

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta direba a kanel ɗin Linux da ke lura da tubalan faifan da aka taɓa tun daga kwafin ajiya na ƙarshe. Kowane tubali kilobayit 4 ne, na ba shi bit ɗaya a cikin doguwar taswira guda da na ware da vzalloc. A faifai mai terabayit 4 komai lafiya lau. Da muka ɗora shi kan tarin faifai mai terabayit 32, wani lokaci na'urar ta faɗi a wurin da babu ruwansa da direbana, wani lokaci kuma ba ta faɗuwa amma kwafin ya fito da giɓi. Shin set_bit da 'yan uwansa ba sa ɗaukar taswira mai girma haka ne? In haka ne, in aika faci a faɗaɗa su?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ruwa ba ya tsami banza. Alamomin nan biyu da ka kawo ciwo ɗaya ne, kuma ko ban ga kod ɗinka ba zan iya ce maka a wani wuri tsakanin lambar tubali da bit ɗin da ake kunnawa, lambar ta bi ta ƙofar da faɗinta bit 32 ne kacal. Ko ƙofar tana cikin abin da ka rubuta, ko tana cikin kanel ɗin kansa, ko duka biyun. Zan nuna maka yadda za ka gano ta, amma tun yanzu ka san inda na dosa: ko ka gyara wannan, taswira ɗaya shimfiɗaɗɗiya mai wannan girman ba ita ce hanya ba. Yanka ta za ka yi.

Mu fara da lissafi, don a kansa maganar ta tsaya. Terabayit 32 a raba da kilobayit 4 ya ba da tubali 8,589,934,592, wato 2^33. Taswirarka gigabayit 1 ce cif. Shi kuwa int, nau'in lamba mai bit 32 a harshen C, babbar lambar da yake iya riƙewa ita ce 2,147,483,647, kuma tubalin da ke da wannan lamba shi ne na ƙarshe kafin a cika terabayit 8. Faifanka na gwaji bai kai ko'ina kusa da nan ba, shi ya sa ka ga lafiya.

To me ke faruwa da tubali na gaba, mai lamba 2,147,483,648? Idan aka zuba shi cikin int, sai ya koma 2,147,483,648 ƙasa da sifiri. A furosesa irin x86, set_bit yana ƙarewa ne a umarnin BTS, kuma wannan umarnin yana karɓar lambar da ke ƙasa da sifiri da hannu bibbiyu: komawa baya yake yi daga adireshin da ka ba shi. Bit 2^31 a baya daidai yake da megabayit 256. Ke nan direbanka ya tsallake farkon taswirarsa ya koma baya da megabayit 256, ya kunna bit ɗaya a gonar wani. Tun da vzalloc ka yi amfani da shi, maƙwabtanka su ne sauran masu zama a yankin vmalloc, kuma tun daga kanel 4.9 a x86 mai bit 64 sitak ɗin kowane aiki na kanel a wannan yankin ake ajiye shi. Idan ka dace, adireshin babu kowa a kansa, na'urar ta faɗi nan take ta nuna sunan direbanka. Idan ba ka dace ba, ka canza bit ɗaya a cikin adireshin komawa na wani aiki da ke barci, sai ya farka bayan minti goma ya faɗi a wurin da kai ba ka taɓa sanin yana nan ba. Shafin kariya da vmalloc ke sakawa tsakanin maƙwabta guda ɗaya ne, yana kama wanda ya zarce da taku ɗaya, ba wanda ya yi tsalle mai nisa haka ba.

Giɓin da ke cikin kwafin kuwa daga gaba yake zuwa. Tubali mai lamba 4,294,967,301, wanda ke ɗan gaba da terabayit 16, idan aka datse shi zuwa bit 32 sai ya zama 5. Direbanka zai kunna bit na 5 hankali kwance, babu faɗuwa, babu gargaɗi. Lokacin kwafi sai a ɗauki tubali na 5 da ba a taɓa ba, a bar wanda aka rubuta wa sabon abu. Wannan ya fi faɗuwar muni nesa ba kusa ba, domin ba za a sani ba sai ranar da aka zo maido da bayanan mutane.

Saboda haka ga abin da nake sa ran za ka gani in int ne ya ci ka. Daga farko zuwa terabayit 8, daidai. Daga 8 zuwa 16, ɓarna a wajen taswira. Daga 16 zuwa 24, shiru amma bit ɗin yana sauka kan tubalan farko. Daga 24 zuwa 32, ɓarna kuma. In unsigned int ne, ba za ka ga faɗuwa ba sam, sai dai duk abin da ya wuce terabayit 16 ya naɗo ya hau kan na farko. Tun da ka ga duka alamomin biyu, int ɗin nan yana nan a wani lungu. Rubuta tubali ɗaya a kowanne daga cikin yankunan huɗu, ka buga lambar da ta isa bakin set_bit, za ka gani da idonka.

Yanzu ga ainihin tambayarka, ko ayyukan bit na kanel suna ɗaukar taswira mai girma haka. Wasu suna ɗauka, wasu ba sa ɗauka, kuma babu wani layi da aka ja a fili da zai raba maka su. Dole ka buɗe fayil ɗin kowanne a bishiyar kanel ɗin da kake ginawa ka karanta irin lambar da yake karɓa.

A x86, shekaru da yawa set_bit da clear_bit da test_bit int suke karɓa. A 2013 H. Peter Anvin ya mayar da su long, wanda faɗinsa bit 64 ne a kanel mai bit 64, kuma dalilin da ya bayar shi ne an riga an fara ganin kurakurai a na'urori masu memorin da ya haura terabayit 16 a rukuni ɗaya. Long ya zaɓa, ba unsigned long ba, domin umarnin furosesar da kansa lamba mai iya sauka ƙasa da sifiri yake ɗauka. Don haka in x86 kake, shi set_bit ba shi da laifi. Abin da ka miƙa masa ne gurɓatacce.

Amma kada ka saki jiki da wannan. Furosesa irin arm64 ba ta da nata set_bit na musamman, tana aron wanda ke cikin asm-generic/bitops/atomic.h, kuma a can lambar unsigned int ce. Wato ko da kod ɗinka tsaf yake daga sama har ƙasa, ranar da aka ɗora shi kan sabar arm64, komai da ya wuce bit 2^32 zai naɗo shiru. Su kuma masu layi biyu a gaba, __set_bit da __clear_bit, waɗanda ba sa kulle kalma yayin rubutu, sai a kanel 6.0 na 2022 aikin Alexander Lobakin ya daidaita su duka kan unsigned long a kowace irin furosesa. Kafin nan kowace da nata. Masu neman bit, find_next_bit da find_next_zero_bit da find_first_bit, su unsigned long suke aiki da shi, ba su da matsala. Masu jera bit a tsarin ƙaramin bayit a gaba, set_bit_le da test_bit_le, int ne. Sai dangin bitmap_ gaba ɗaya, bitmap_zero da bitmap_fill da bitmap_weight da bitmap_set da bitmap_clear da bitmap_alloc: yawan bit a wurinsu unsigned int ne. Ka miƙa wa bitmap_zero 2^33, abin da zai isa gare shi sifiri ne, ba zai share ko bit ɗaya ba, kuma ba zai ce maka uffan ba.

Bari in tsaya kan bitmap_set, don ina zargin kana amfani da shi wajen yi wa rubutu mai tubala da yawa alama. Daga waje yana karɓar wurin farawa da tsawo, duka unsigned int. Amma in bai samu gajeriyar hanya ba sai ya kira __bitmap_set da ke lib/bitmap.c, wanda tsawonsa int ne, domin zagayen da ke cikinsa yana rage tsawon ne yana duba ko ya sauka ƙasa da sifiri. A ciki kuma ana haɗa wurin farawa da tsawo a zuba cikin unsigned int. Ke nan aiki ɗaya yana da iyaka biyu daban-daban: wurin farawa ba ya wuce 2^32, tsawo ba ya kai 2^31.

Akwai wani tarko da ni kaina ya taɓa cinye mini kwana biyu a wani wurin aiki. Duk lambobina u64 ne, wato masu bit 64, na bi su ɗaya bayan ɗaya, amma a zagayen for_each_set_bit na bar abin ƙirgar a matsayin unsigned int, don haka hannu ya saba rubutawa. Shi wannan zagayen yana zuba abin da find_next_bit ya dawo da shi cikin abin ƙirgarka, sannan ya gwada shi da girman taswira. In girman ya wuce 2^32, unsigned int ba zai taɓa kai shi ba, zagayen ba shi da ƙarshe. Furosesa ɗaya ta maƙale, bayan daƙiƙa 20 mai gadin kanel ya fara buga cewa an samu maƙalewa, ni kuma ina can ina binciken makullai. Da int na sa, da akasin haka ne zai faru: da zarar an samu bit tsakanin 2^31 da 2^32, lambar ta sauka ƙasa da sifiri, a wajen gwadawa ta zama ƙatuwa, zagayen ya fita da wuri kamar ya gama aikinsa. Duba wannan a naka, don shi ma yana haifar da giɓi a kwafi.

Waɗannan iyakokin ba ɓoyayyu ba ne ga masu kula da kanel, kuma yadda suka bi da su shi ne amsar tambayarka ta biyu. KVM, wanda ke gudanar da na'urorin kwaikwayo, yana riƙe taswirar shafukan memorin da baƙo ya taɓa domin a iya ƙaurar da shi yana kan aiki. Matsalarsa irin taka ce sak. A include/linux/kvm_host.h akwai KVM_MEM_MAX_NR_PAGES, an tsayar da shi kan 2^31 a cire ɗaya, da bayani a samansa cewa wasu ayyukan bit ba sa ɗaukar taswira mai tsawo sosai. Wanda ke son baƙo mai memorin da ya fi haka sai ya raba shi gurbi-gurbi, kowane gurbi da taswirarsa. VFIO ma, mai miƙa na'urori kai tsaye ga na'urorin kwaikwayo, da aka ƙara masa lura da shafukan da na'ura ta rubuta a 2020, ya tsayar da taswira ɗaya kan megabayit 256, kuma bayanin da ke wurin ya ambaci int ɗin __bitmap_set ƙarara, ya lissafa cewa hakan terabayit 8 ne a shafi mai kilobayit 4. Lambar da ta kayar da kai ke nan. Mutanen nan suna da damar aika facin faɗaɗawa, sun kuma fi mu sanin hanyar, amma suka zaɓi sa iyaka su yanka.

Ba na cewa faci haramun ne. Yury Norov da ke kula da wannan ɓangare yana karɓar gyara, kuma tarihin da na ba ka a sama duk faɗaɗawa ne da aka yi a hankali. Sai dai ka auna abin da kake nema. Ana kiran dangin bitmap_ a dubban wurare, mafi yawansu kan taswirar da ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu ba, irin jerin furosesoshi ko layukan katsewa na wata na'ura. Canza irin lambar yana taɓa su duka, yana kuma taɓa kod ɗin da aka rubuta da harshen injin kowace furosesa. Tambayar farko da za a yi maka ita ce wane ne a cikin kanel ke buƙatar wannan, ta biyu kuma me ya hana ka raba taswirar. Ko an karɓa gobe, kanel ɗin da ke kan sabobin abokan cinikinka ba zai samu ba sai bayan shekaru. Kai kuwa yau kake da bayanan mutane a hannu.

Ko ma an faɗaɗa komai, taswira mai gigabayit 1 tana da wasu cututtukan da ba su shafi faɗin lamba ba. Na farko wurin ajiye ta. bitmap_alloc a kan kmalloc yake zaune, shi kuwa kmalloc a x86 iyakarsa megabayit 4, wato bit 33,554,432, wanda a lissafinka gigabayit 128 na faifai ne kawai. Ka riga ka gano wannan, shi ya kai ka vzalloc. kvmalloc ma tun 2021 Linus Torvalds ya sa masa iyaka, yana ƙin duk abin da ya wuce abin da int ke riƙewa, kusan gigabayit 2, har sai da KVM ya koma kiran vmalloc kai tsaye don manyan jadawalinsa. In da kvmalloc za ka koma, yau kana ƙasa da wannan iyaka, amma tarin faifai mai terabayit 64 zai kai ka bakinta. Kuma memorin da vzalloc ya ba ka na kanel ne, ba a fitar da shi zuwa faifai in an matsu. Gigabayit guda ka cire daga na'urar mai ita, ko an rubuta tubali goma ne kawai a ranar.

Na biyu lokacin ratsa ta. Kalmomi 134,217,728 ne masu bit 64. find_next_bit yana tsallake kalmar da babu komai a cikinta da sauri, amma dole ya karanto ta daga memori, ya kuma kori duk abin da ke cikin kash ɗin furosesa a hanya. In ka yi haka riƙe da makullin da ke hana katsewa, duk rubutun faifan ya tsaya yana jiranka. In kuwa da test_bit kake bi ɗaya-ɗaya, ko da kowanne nanosakan ɗaya ya ci, ka haura daƙiƙa 8. Kanel ya sha wannan darasin. Taswirar memorin da ake amfani da ita wajen kwantar da na'ura a adana halinta a faifai, a da jeri ce da ake bi daga farko, har ta riƙa maƙalar da manyan na'urori, sai Joerg Roedel ya mayar da ita bishiya mai rassa a 2014. A 2015 kuma Linus ya ƙara wa jadawalin buɗaɗɗun fayiloli taswira ta biyu a sama, full_fds_bits, inda bit ɗaya ke cewa kalma kaza ta cika, kada a ɓata lokaci a kanta.

Ga yadda zan gina naka da ni ne. Ka ɗauki shafin memori ɗaya, bayit 4096, a matsayin yanki. Yana ɗauke da bit 32,768, wato megabayit 128 na faifai. Wannan ba sabon abu ba ne, haka tsarin fayil na ext4 ke yi tun zamanin ext2: kowane rukunin tubala taswirarsa tubali ɗaya ce, shi ya sa rukuni ke zama megabayit 128 in tubali kilobayit 4 ne, kuma komai girman faifan babu lambar bit da ke wuce 32,767. Terabayit 32 zai ba ka yanki 262,144. Jadawalin manuninsu megabayit 2 ne, kvcalloc zai ba ka shi ba gardama. Neman bit kuma ya zama haka, inda sector ke nufin lambar gutsuren faifai mai bayit 512:

u64 tubali = sector >> 3;
unsigned long yanki = tubali >> 15;
unsigned int gurbi = tubali & 32767;
set_bit(gurbi, t->shafi[yanki]);

Dubi abin da layuka huɗun nan suka saya maka. Babbar lambar tana cikin u64 daga inda ta shigo har inda aka raba ta, kuma a wuri ɗaya tak ake raba ta. Abin da ke isa ga ayyukan bit na kanel ƙarami ne ƙwarai, don haka ko int suke karɓa ko long, ko x86 ne ko arm64, ko tsohon kanel ko sabo, duk ɗaya ne a wurinka. bitmap_weight da bitmap_zero da set_bit_le duk sun dawo hannunka. Sa wannan rabon cikin ɗan aiki guda, kada wani wuri a direban ya taɓa shafukan sai ta hanyarsa. Rubutun da ya ratsa iyakar yanki biyu sai ka raba shi gida biyu a nan.

Kada ka ware shafin yanki sai ranar da aka fara rubutu a cikinsa. Manuni marar komai yana nufin yankin tsaf yake. Amma nan akwai wurin taka-tsantsan: kana kan hanyar rubutu zuwa faifai ne, don haka da GFP_NOIO za ka nemi shafin, in ba haka ba neman memorin zai iya jawo wani rubutun da zai dawo ya jira ka, kai ma kana jiransa. Kuma neman zai iya gazawa. Kada ka mayar da rubutun mutum da kuskure saboda taswira, kada kuma ka bar shi ya wuce ba alama. Riƙe wata 'yar taswira mai bit ɗaya ga kowane yanki, kilobayit 32 ce kacal, wadda ke cewa a ɗauki yankin nan duka a matsayin wanda aka taɓa. Asarar ita ce kwafin zai ɗauki megabayit 128 da wataƙila bai buƙata ba, wannan kuwa ba komai ba ne in aka gwada da rasa tubali ɗaya. Taswirar md, direban RAID na kanel mai haɗa faifai da yawa su zama ɗaya, tana da dabara makamanciyar wannan, in ta rasa shafi sai ta yi amfani da gurbin manunin kansa ta riƙe ƙirga mai faɗi. In na'urar za ta samu furosesoshi biyu suna neman ware shafi ɗaya a lokaci guda, sa shi da cmpxchg, mai rubuta manuni kawai in gurbin babu komai, sai wanda aka riga ya mayar da nasa.

Sai taswirar taƙaitawa, ita ma kilobayit 32, mai cewa yanki kaza akwai abin dubawa a ciki. Da ita ratsa faifan gaba ɗaya ya koma karanta kalma 4,096 sannan a shiga yankunan da suka yi motsi kawai. Tsakanin yanki da yanki ka saki makulli ka kira cond_resched. Jerin matakai a nan yana da muhimmanci, kuma nan ne mutane ke zamewa. Mai rubutu ya fara kunna bit a shafi, ya sa smp_mb__after_atomic, sannan ya kunna na taƙaitawa, domin set_bit shi kaɗai ba ya hana furosesa sauya jerin rubuce-rubucenta. Mai kwashewa kuma ya fara kashe na taƙaitawa da test_and_clear_bit, sannan ya kwashe kalmomin shafin ɗaya-ɗaya da xchg yana barin sifiri. Ta haka in mai rubutu ya zo bayan an wuce kalmarsa, bit ɗin taƙaitawarsa zai rage a kunne har zagaye na gaba. Ka juya jerin, ka fara kwashewa kafin kashewa, to ka buɗe ƙofar da alama za ta zauna a shafi babu mai dawowa kanta.

Wani abu da ya shafi wannan: bitmap_set da __set_bit ba sa kulle kalma. Karanto ta suke yi, su canza, su mayar. Furosesoshi biyu suka yi haka kan kalma ɗaya a lokaci guda, ɗaya zai goge aikin ɗaya. In kana haɗa su da set_bit a taswira guda ba tare da makulli ba, kana da hanya ta uku ta samun giɓi, wadda za ta biyo ka ko bayan ka gyara faɗin lamba. Ko dai makulli ɗaya ga kowane yanki, ko ka yi wa kowace kalma atomic_long_or da abin rufinta.

Gaskiya guda da ba zan ɓoye maka ba: in rubutun da ake yi wa faifan warwatse yake ko'ina, kamar na wasu rumbunan bayanai, a hankali kowane yanki zai samu shafinsa, ka koma gigabayit ɗinka. Yankawar ta warkar da faɗin lamba da maƙalewa, amma ba ta rage wannan ba. Nan sai ka tambayi kanka ko lallai sai bit ɗaya ga kilobayit 4. Ka mai da shi kilobayit 64, taswirar ta sauka zuwa megabayit 64. mdadm ma, manhajar sarrafa md, a taswirarsa ta cikin faifai, bit ɗaya yakan tsaya wa megabayit 64 ne ko fiye, don manufarsa rage aikin daidaitawa ce ba ƙididdige kowane tubali ba. Naka ya danganta da yawan ƙarin bayanan da layin kwafinku zai iya ɗauka kowane dare. Ni zan bar girman ya zama abin da mai na'ura ke zaɓa lokacin ɗora direba. In kuma ka lura rubutun dogaye ne a jere, jerin farko da ƙarshe a cikin bishiya zai fi taswira sauƙi, kuma in yankunan da ake taɓawa 'yan kaɗan ne cikin faifai mai faɗi sosai, XArray da ya shigo a 4.20 zai maye maka gurbin jadawalin manunin.

In za ka adana taswirar a faifai don ta tsira bayan an kashe na'ura, yi amfani da ayyukan _le a cikin shafukan, domin jerin bayit a cikin unsigned long ya bambanta tsakanin x86 da irin su s390.

Saura gwaji, gani ya kori ji. Ba ka buƙatar sayen faifai. Da dm-zero za ka ƙirƙiri na'urar ƙarya mai terabayit 32 da layi ɗaya:

dmsetup create babba --table "0 68719476736 zero"

null_blk ma yana yi in ka ba shi gb=32768. In fayil mai rami za ka ɗora kan loop, yi shi a XFS, don ext4 mai tubalin kilobayit 4 ba ya barin fayil ɗaya ya wuce terabayit 16. Gina kanel ɗin gwajin da KASAN tare da KASAN_VMALLOC, da UBSAN. Na farko zai iya kama rubutu a wajen taswira a daidai layin da ya faru, na biyu zai kama irin kuskuren 1 << n inda ake nufin 1UL << n. Sannan ka harhaɗa direbanka da clang ka kunna -Wshorten-64-to-32 a kansa kaɗai. Zai lissafa maka duk wurin da lamba mai bit 64 ta shiga ƙofar 32 ba tare da ka ce a yi ba, kuma ina kyautata zaton int ɗin da muke nema yana cikin wannan jerin, ko a wani filin struct, ko a abin da wani ɗan aiki ke dawowa da shi.

Tubalan da za ka rubuta a gwajin su ne 2,147,483,647 da 2,147,483,648, sai 4,294,967,295 da 4,294,967,296, sai na ƙarshe a faifan, sai rubutu ɗaya da ya ratsa iyakar yanki biyu, misali daga tubali 32,760 zuwa 32,775. Bayan kowanne ka tabbatar da abu biyu: bit ɗin da ake nufi ya kunnu, kuma jimillar bit ɗin da ke kunne a duk yankuna ta ƙaru da daidai adadin da ka rubuta, ba ƙari ba ragi. Kwafin da aka riga aka ɗauka da tsohon direban a kan tarin nan mai terabayit 32 kuwa, kada a dogara da ko ɗaya daga cikinsu. A sake ɗaukar cikakken kwafi daga tushe kafin sabuwar taswirar ta fara ƙirga.